Zoben da Ya Sauya Wuya

Auta tana tsaye a bakin tantin shan magani da kwalbar aidin a hannu, sai idonta ya sauka a kan wuyan Kyaftin.

Da farko ta ɗauka hasken safiya ne ke mata wasa da ido. Ta ƙara dubawa. Baƙin zoben fata ne da ya sha gumi har yana sheƙi, da 'yar tsaga a gefe guda. Ko a cikin dubu aka jefa shi za ta tsinto shi. Zoben Dogo ne.

Kwalbar ta suɓuce ta faɗi a kan yashi.

A wannan sansani na 'yan sikawut, wanda kakanta ya kafa a gindin dutse tun mahaifinta yana ɗan yaro, zoben da ake zura ƙyallen wuya a cikinsa ba ado ba ne. Mahaifin nata, da kowa ke kira Kwamanda, shi kaɗai yake yanka fatar, shi yake zura wa mutum da hannunsa. Wanda ba shi da zobe ba ya tsayawa faretin tuta, ba a kuma lissafa shi cikin 'yan sansani.

Bana ne karon farko da hedikwata ta turo 'yan mata sansanin dogon hutu, kuma kowa ya san Dogo, malamin igiya da taswira, shi ya kai wannan shawara gaban kwamiti. Shi ne kuma ya kawo fitilun sola da sababbin tantuna marasa nauyi. Kwamanda ya karɓi 'yan matan a kan dole, ya sa aka kafa musu tanti can bayan kicin, ya hana su zobe. A makon ne kuma baffannin Dogo suka zo neman auren Auta. Kwamanda ya ba su shayi, ya ce a dakata tukuna.

Yau ga Kyaftin, shugabar 'yan matan, tana ratsa tsakiyar fili kanta a sama, zoben Dogo a maƙogwaronta.

"Ashe kin gani."

Auta ta waiga. Ɗan baffanta ne, wanda ake kira Mai-begila don shi ke busa wa sansani tashi da kwanciya. A gidansu ya girma, kuma tun tana makarantar koyon jinya yake nuna mata so tana zillewa.

"Na ga me, Yaya?"

"Au, ba ki gani ba? To ni na gani tun jiya da yamma. A bakin rafi ya cire ya ba ta. Har da gyara mata wuyan riga."

"Ƙarya kake yi!"

Ya yi murmushi yana goge begilar da gefen rigarsa.

"Ni da ake ce wa baƙauye mai busa ƙarfe, ina ni ina tsara ƙarya? Ruwa dai ba ya tsami banza, Auta. Shekara nawa kina tare da shi, ya taɓa bari ki riƙe zoben nan ko da wasa?"

Nan ne ya soke ta, don gaskiya ya faɗa. Ta taɓa miƙa hannu za ta taɓa shi, Dogo ya kauce yana dariya, ya ce wannan ko liman ba ya taɓawa.

Ta shige tanti ta saki labule. Wani yaro da ya zo wankin ciwo ya ga yadda take yaga auduga, ya ce ƙafar tasa ta warke, ya sulale.

Kafin a gama karin kumallo aka ce Kwamanda yana kiranta.

Tantinsa shi ne mafi tsufa a sansanin, mai kaurin tampol, faci a kan faci. Ya ƙi yarda a sauya masa. In ruwa ya sauko sai ya tara kwano, ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta same shi zaune a kan akwatin ƙarfe, usur ɗinsa a rataye a ƙirji.

Ta durƙusa. "Ga ni, Baba."

"Kin ga aikin mutumin naki?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ni na zura masa zoben nan yana ɗan mitsitsi, majina na zuba. Ni na koya masa ƙullin farko. Yau ya cire ya rataya a wuyan wadda na ce ba ta isa ba, don ya nuna wa yara cewa maganata iska ce." Ya juya usur a hannu. "Ba zan taɓa yi miki dole ba, Auta. Ke ba yarinya ba ce, da aikinki da hankalinki. Amma ni ma ba za a yi min dole ba. Je ki faɗa masa: a faretin yamma ya fito gaban kowa ya karɓe zobensa. In ya yi, baffanninsa su dawo, na ba shi ke. In ya ƙi, kada ya sake turo min kowa."

Gabanta ya faɗi, amma a ƙarƙashin faɗuwar akwai wani sanyi da ta ji kunyarsa. Karon farko ke nan da abin da Baba yake so da abin da take so suka zama ɗaya.

A rumbun kaya ta sami Dogo, ya tsugunna yana naɗe igiyoyi. Ya ɗaure ƙyallen wuyansa da ƙulli kawai, kamar sabon shiga.

Ya ɗago da fara'a. "Autata, yau waye ba lafiya da har likita ta fito da kanta?"

"Ina zobenka?"

Fara'ar ta ɗauke. Ya ajiye igiyar ya miƙe.

"Da ma ina shirin zuwa in yi miki bayani."

"Bayani? Bayan duk sansani ya gama kallona? Yara suna nuna ni da baki, Gwaggo ta kasa haɗa ido da ni a kicin, sannan za ka zo da bayani?"

"Ki saurare ni. Tun da yaran nan suka zo, kullum daga bayan tukwane suke leƙen fareti. Jiya ƙaramarsu ta tambaye ni ko su ba mutane ba ne. Me zan ce mata? Na ga in shugabarsu ta tsaya a layi, ko ba komai an buɗe ƙofa."

"Sai aka rasa mabuɗi duk duniya sai abin wuyanka?"

"Shi kaɗai nake da shi."

"Shi ya sa ya yi min ciwo!" Hawaye suka ɓalle mata. "Shi kaɗai kake da shi, kuma ita ka ba. Ni da na ƙi kowa saboda kai, ni da nake shan harara a gidanmu, ko taɓawa ba ka bari na yi ba. Ita daga zuwanta har da gyaran wuyan riga."

"Wa ya faɗa miki haka?" Idonsa ya kaɗa. "Mai-begila ko? Tun safe na hango shi a ƙofar tantinki. Kullum yana can, yau ciwon kai, gobe ciwon yatsa. Ni na taɓa magana?"

"Yayana ne!"

"Yayan da ya ce wa masu gadi in ya gaji usur ɗin Kwamanda zai gaje ki tare da shi?"

"Kada ka juya min magana. Kalle ni ka ce ba ta sonka."

Dogo ya kau da kai. Wannan ya fi mari zafi.

"Abin da ke ranta ban sani ba," ya ce a hankali. "Nawa na sani, kuma ke ce."

Ta share fuska da bakin mayafi, ta faɗa masa saƙon Baba kalma bayan kalma. Tana magana tana kallon fuskarsa, tana jiran ta ga murna. Ba ta gani ba.

"A gaban yaran?" ya ce. "In fito in cire daga wuyanta suna kallo?"

"Zobe ne kawai, Dogo. Ɗan guntun fata. Ga ni, ga shi."

"In guntun fata ne, me ya sa kike kuka a kansa?"

Sai ya ci gaba.

"Auta, in na yi haka, na faɗa wa yaran nan cewa da gaske su ba mutane ba ne. Kuma ke kanki wata rana za ki dube ni ki tuna da abin da na sayar na same ki. Ki ba ni lokaci, zan lallaɓa Baba ta wata hanyar."

"Wato ka zaɓa."

"Ban zaɓi kowa a kanki ba. Don Allah..."

Ta juya ta fita, tana jin yana kiranta, ba ta waiga ba.

Kicin ta nufa. Gwaggo, ƙanwar mahaifinta da ke dafa wa sansani abinci tun kafin a haifi Auta, tana zaune tana tsince shinkafa a faranti. Ta dubi idanun da suka kumbura, ta tura mata kujera da ƙafa.

"Zauna kafin ki faɗa min cikin tukunya. Gishirin ya isa, ba na neman ƙari."

"Gwaggo, ya ƙi."

"Da ya yarda da na raina shi."

"Ke ma bayan Kyaftin kike?"

"Ni bayan murhu nake, 'yar nan. Nan ubanki ya ajiye ni, nan ya ajiye waɗancan." Ta nuna da haɓa. Can gindin bishiya 'yan matan suna zaune suna koyon ƙulli, Kyaftin a tsakiyarsu, hannunta yana kai wa wuyanta yana dawowa.

Auta ta ƙura wa hannun ido. Kowace taɓawa kamar a ƙirjinta ake yi. Sai ta miƙe zumbur.

"Hujjarta ita ce ba ta da nata, ko? To zan ba ta nata. Zan ba su duka. In ga da wane bakin za ta ci gaba da riƙe na mutane."

Gwaggo ta ajiye farantin. "Ke! Kin san abin da kike faɗa? Tun da aka kafa wurin nan babu hannun da ya yanka zobe sai na kakanki da na ubanki."

"Tun da idon Baba ya fara rauni wa yake masa ɗinkin? Ba ni ba?"

"A ɓoye ba."

"To yau a fili."

Gwaggo ta girgiza kai. "Wannan ba tausayi ba ne, kishi ne ya sa rigar tausayi. Amma ni shekara da shekaru ina jiran mai yi, ko da wace riga ya zo." Ta shiga ciki ta fito da tsohuwar jakarta ta fata, ta zazzage allurai da maɓallai a ƙasa. "Ungo, ga fata. Da ma hannunta ya tsinke."

A bayan kicin suka zauna, rana tana dukansu. Auta tana yanka da almakashin bandeji, Gwaggo tana huda da basilla. Ba ta ci abincin rana ba. Zare ya yanke mata yatsa, ta tsotse jinin ta ci gaba. Duk zoben da ta gama sai ta ga fuskar Kyaftin a jikinsa, ta ƙara jan zaren da ƙarfi.

Rana ta karkata lokacin da ta isa gindin bishiyar da zobban a cikin kwanon sha.  Ta kira ƙaramarsu, ta durƙusa ta zura mata. Yarinyar ta shafa wuyanta, ta dubi 'yan'uwanta, sai ihu ya ɓarke. Suka yanyame Auta, wannan na jan hannu, waccan na miƙo wuya, har ta tsinci kanta tana dariya ba ta shirya ba.

Da ya rage saura ɗaya a kwanon, ta miƙe ta fuskanci Kyaftin.

"Ga naki. Ba ni wancan."

Kyaftin doguwa ce, mai sanyin murya, irin waɗanda ba a gane fushinsu. Ta kori yaran gefe, sannan ta ce, "Sannu da aiki, Sista. Don su kika yi, ko don wannan?"

"Ba ruwanki. Ba naki ba ne."

"Mai shi ne ya ba ni."

"Don yara ya ba ki."

"Na sani." Ta yi ɗan murmushi. "Ni kuma ba don yara na karɓa ba. Tunda kin zo a fili, bari in biya ki a fili. Ina sonsa. Tun ranar da ya tsaya gaban kwamiti shi kaɗai yana faɗa saboda yaran da bai ma san sunansu ba. Ke a ranar kina ina? Kina gida kina tsoron ran Baba ya ɓaci."

Auta ta ce, "Ni zai aura."

"Wataƙila. Ba a ɗaura ba tukuna."

Ta sa hannu ta zare zoben a hankali, ta ɗora a tafin Auta. Da ɗumin jikinta a jikinsa. Auta ta miƙa mata sabon, Kyaftin ta mai da hannuwanta baya.

"Riƙe kayanki. Ba na sa ragowar jaka."

Daidai nan begila ta tashi.

Samari suka jeru a fili kamar kullum, ƙanana a gaba, manya a baya. Kwamanda ya fito da sandarsa. Ya ɗaga usur zai busa ke nan sai ya tsaya, hannunsa a sama.

Daga bayan kicin layin 'yan mata ya ɓullo, ƙafa ɗaya, hannu ɗaya, kowace da zobe a wuya. Auta tana gefensu. Gwaggo ta biyo baya da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin fili ta ƙame kamar soja.

 Kwamanda ya taka har gaban ƙaramar, ya sunkuya, ya juya zoben da yatsa ya kai idonsa kusa. Ya san ɗinkin. Ya ɗago ya dubi 'yarsa, kallon da tun tana yarinya ba ta taɓa gani ba. Babu faɗa a cikinsa, kuma da faɗan ne da ya fi mata sauƙi.

"Ɗinkin gidana ne," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Ba zan tsinke shi ba. Su tsaya."

'Yan matan suka ƙara miƙewa. Dogo, daga inda yake, ya dubi Auta da idanu cike da wani abu da ya sa ta manta da yatsanta mai zafi. Ta matse zobensa a hannu, ta taka za ta kai masa.

"Tsaya nan!"

Ta tsaya cak.

"Zobe ba ya komawa wuya sai ta hannuna." Kwamanda ya juya ga Dogo. "Na ba ka hanya ka ƙi bi. Ka raba ni da tantunana na yi shiru, ka kashe min fitilun ƙwai na yi shiru. Yau ka raba ni da 'yata a gaban yarana."

"Ranka ya daɗe, wallahi ban san za ta..."

"Baba, ni ce! Ba shi ya sa ni ba!"

"Wanda ya cire zobensa ya cire kansa. Ga motar cefane can ba ta tashi ba. Ka bi ta."

Mai-begila ya sunkuyar da kai, amma Auta ta ga murmushi a gefen bakinsa. Aka sauke tuta, aka busa, aka watse. Ta bi mahaifinta har ƙofar tanti tana kuka tana roƙo, ya shiga ya saki tampol ɗin a fuskarta.

Da ta iso bakin hanya har Dogo ya jefa jakarsa a bayan mota. Direba yana ɗaure buhunan da babu komai a ciki.

"Ni na jawo maka," ta ce. "Garin gyaran gira na tsone ido."

"Kin yi abin da ni na kasa." Ya nuna zoben da ke hannunta. "Ki riƙe shi a wurinki. Zan je in ga manya, zan dawo ta ƙofar gaba. Ki jira ni, Auta. Ki kuma yi nesa da mai busan nan."

Ta gyaɗa kai, tana dariya tana kuka. Har zuciyarta ta fara sauka, sai ta ji takun takalmi a bayanta.

Kyaftin ce, da jaka a kafaɗa, wuyanta babu komai.

"Ina za ki?"

"Kin ji doka ai. Marar zobe ba ɗan sansani ba ne." Ta miƙa wa direba jakar. "Dole wani ya je hedikwata ya faɗi abin da aka yi wa malam. Ni ganau ce."

Sai a lokacin Auta ta gane dalilin mai da hannu baya.

"Yaran fa? Wa za ki bar wa?"

"Ke mana, Sista. Wadda ta zura musu zobe ita ce uwarsu. Na faɗa musu, murna suke yi."

Dogo ya ɓata fuska. "Ba sai kin zo ba. Zan iya kai maganata da kaina."

"Ba rakiyarka zan yi ba, aikina zan yi," ta ce, ta buɗe ƙofar gaba ta shiga ta matsa tsakiya.

Kujerar ɗaya ce, doguwa, ta direba da mutum biyu. Bayan motar kuwa cike yake da tukwanen gas. Dogo ya duba baya, ya duba gaba, ya dubi Auta. Direba ya danna hon, ya ce duhu zai same su a hanyar dutse.

Auta ta ɗaga ƙafa za ta bi, ba ta ma san me za ta yi ba in ta isa. Sai ta ji an kama hannunta na dama, an kama na hagu. 'Yan matan ne suka biyo ta, ƙaramar ta rungume ƙugunta.

"Anti, Kyaftin ta ce yau a tantinmu za ki kwana. Da gaske ne?"

Ƙofar mota ta rufe. Ta gilashin baya Auta tana hango kawuna biyu, kafaɗa tana gogar kafaɗa duk sanda taya ta faɗa rami. Dogo ya leƙo ta taga yana ɗaga mata hannu. Ba ta iya ɗaga nata ba, yara sun riƙe duka biyun.

"Anti, da gaske ne?"

Motar ta sha kwanar dutse.

"Da gaske ne," ta ce.